Riƙe kuɗinka tukuna, duba rola da mazaunin fim

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce ka haɗa kyamarar hoto-nan-take da katako, ka sa mata gilashi (lens) na tsohuwar kyamarar Mamiya Press da fim ɗin Instax Wide, amma hotuna na fita da layi-layi, fuska dishi-dishi, har kana shawarar sayen wani gilashin. Kada ka saya. Ni ma hanyar nan na bi, kwalin fim huɗu na ɓata, hoto arba'in ke nan, kafin na gano inda gizo ke saƙa.

Fara da rola, wato sandunan ƙarfe biyu da fim ke bi ta tsakaninsu in zai fito. A gindin kowane fim akwai 'yar jakar sinadari, sandunan ƙarfen nan biyu su ke fasa ta su shimfiɗa ruwan bai ɗaya a kan hoton. Wankin ke nan gaba ɗaya. Ni da farko sandunan tsohuwar firinta na sa, ina ganin na yi dabara. Gefe ɗaya ya fi matsewa, sai ruwan ya gudu ɗaya gefen, kusurwa ta fita ba wanki. Ban huta ba sai da na samu matacciyar kyamarar Instax Wide 210 na ciro rolarta da mazauninta kacokan. Shawarata ka yi haka, don ba abin da za ka iya daidaitawa da ido ba ne. In kuma da hannu kake murzawa, ka murza a jere ba tsayawa, domin duk inda hannunka ya yi jinkiri layi zai fito a wurin. Ɗigo-ɗigon da ke maimaita kansu da tazara iri ɗaya kuwa datti ne a jikin rola. Ka goge da tsumma mai ɗan danshi, musamman lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.

Dishi-dishin kuma na fi zargin tazarar gilashi da fim. Ɗauki kwalin da ya ƙare, ka manna takarda shara-shara daidai inda fim ke zama. Ka tuna Instax ta baya yake karɓar haske, shi ya sa ba ya buƙatar madubi irin na kyamarar Polaroid SX-70. Sa makullin haske (shutter) a B don ya zauna a buɗe, buɗe ƙofar haske (aperture) duka, lulluɓe kanka da baƙin zane irin na masu hoton zamanin da, ka saita kan abu mai nisa, hasumiyar masallaci ko ƙarfen sabis. In ka murza gilashin zuwa alamar nesa ta ƙarshe hasumiyar ba ta fito tas a kan takardar ba, to mazaunin gilashin ne bai zauna daidai ba. Tawa tsohon katin waya biyu na yanka na cusa a bayansa. Ranar da na ga zanen hular ƙanena ya fito zare-zare a hoto, wallahi na daɗe ina kallo.

Duhun kusurwa wani abu ne daban. Hoton Wide milimita 62 ne a 99, gilashin naka kuwa don fim mai girman santimita 6x9 aka yi shi, ya ɗan gaza. Matse ƙofar haske zuwa lambar f/16, zai ragu sosai.

Sai rana. Fim ɗin ISO 800 ne, wato mai saurin karɓar haske, ba ya yafe kuskure. Da tsakar rana irin tamu ko ka sa makulli a 1/500 na daƙiƙa, ƙofa a f/22, wani lokacin hoton fari yake fita, don haka ka nemi gilashin rage haske na ND. Fujifilm masu yin fim ɗin kansu tsakanin digiri 5 da 40 na ma'aunin Celsius suka ce a yi amfani da shi, kada ka bar kwali a mota cikin Afrilu.

Kafin ka sa sabon kwali, kunna tocila a cikin akwatin kyamarar, ka rufe, ka shiga ɗaki mai duhu. Duk inda haske ya leƙo ka toshe da baƙin karan-miski. Ka ɗauki hoto biyu bayan nan ka nuna mana.