Re: Wai duk fursunonin Hitila an yi musu lamba a hannu?

Malam mai tambaya sannu da ƙoƙari. Ka ce ka ga hoton wata tsohuwa da lamba a hannu, kana son sanin ko haka aka yi wa kowa a sansanonin Jamus. A'a, ba kowa ba. Nima da haka na ɗauka sai da na je sansanin Auschwitz da ƙafata lokacin ina karatu a Folan, daga Krakow tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce a bas.

Jarfar nan a Auschwitz kaɗai aka yi ta. Sauran sansanoni irin su Dachau da Buchenwald a jikin riga ake ɗinka lambar. Dalilin jarfar ma ba daɗin ji wallahi, mutane na mutuwa da yawa kullum, kuma da mutum ya faɗi an tuɓe rigar, to sai ga gawa jibge ba a san lambar wa za a soke a littafi ba, shi ne a 1941 suka fara da sojojin Sobiyet da aka kama, da wani hatimin ƙarfe mai allurai a ƙirji, daga baya aka koma allura ɗaya a hannun hagu.

Bayan lamba akwai ɗan ƙyalle mai kusurwa uku a ƙirji. Ja na 'yan siyasa, kore na masu manyan laifuka (cikin su ake yawan ɗauko kapo, mai riƙe sanda a kan 'yan uwansa), shunayya na Shaidun Jehobah, ruwan hoda na waɗanda aka kama da luwaɗi, baƙi na waɗanda gwamnati ta ce ba su da amfani a cikin al'umma. Bayahude kuma rawaya ake sa masa a ƙarƙashin wani ya fito kamar tauraro. Sai harafin ƙasa, P ɗan Folan, F ɗan Faransa. Kaga tun daga nesa mai gadi ya gama karanta ka.

Amma abin da ya tsaya min a rai shi ne maganar mai yi mana jagora, ta ce wanda aka yi wa lamba an ɗaga masa ƙafa ne. Mutum kusan miliyan 1.3 aka kai wurin, lambobin da aka raba dubu 400 ne da ɗoriya. Yawancin sauran, tsofaffi da yara da masu goyo, daga jirgin ƙasa sai ɗakin gas inda ake kashe su da iska mai guba, ko sunansu ba a tambaya ba.

A gini na 6 akwai wani dogon lungu da aka jera hotuna a bango, kai a aske, riga mai ratsi-ratsi, a ƙasa an rubuta ranar zuwa da ranar mutuwa. Na tsaya ina lissafi da yatsa, wannan wata biyu, wancan sati uku, har 'yan tawagarmu suka wuce suka bar ni. Mai ɗaukar da yawa daga cikin irin hotunan shi ma fursuna ne, Wilhelm Brasse, lamba 3444, a Janairun 1945 aka ce shi da abokan aikinsa su ƙone su, ba su ƙone ba, shi ya sa dubbai suka tsira.

In wani suna kake nema, gwada Arolsen Archives (ma'ajiyar takardun waɗanda gwamnatin Hitila ta zalunta) a intanet, takardunsu sun shafi mutum kusan miliyan 17.5, sai dai ka jarraba rubutun sunan kala-kala don akawun sansani yadda ya ji haka yake rubutawa.