Amsa: me yasa karamin jirgi baya mikewa kai tsaye daga Gombe zuwa Abuja?

Malam, ka tambaya me yasa matukin karamin jirgi yake kewaye ko ya daga tafiya alhali sama ba ramuka. Wallahi yanayi ne. Kananan jiragen nan da yawa da ido ake tuka su, ka'ida kuma sai kana hangen akalla kilomita 5, to ka duba hazon hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, wani lokaci kana filin jirgin Gombe dake Lawanti ko karshen titin jirgin baka gani, ina maganar tashi?

Damina kuma hadarin mu yawanci daga gabas yake tasowa ya nausa yamma, kuma yafi haduwa bayan azahar, shi yasa matuka suke sammako. Karamin jirgi baya iya haye saman irin wannan gajimaren, sai dai ya kauce masa da nisa, kaucewa kuwa mai take ci.

Ga tsaunukan Jos a hanya, garin kansa ya kai wajen mita 1,200, gajimare na sauka kasa-kasa a wurin. Dole ka duba hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta Najeriya, ka kara mai, ka rike filin jirgin Bauchi a ranka don sauka ko da abin ya baci.