Amsa ga Hajiyar da aka ɗora wa 'yarta walimar bankwanar 'yan SS3

Wa alaikumus salam Hajiya. Wallahi da na ga tambayarki sai da gabana ya faɗi, don wannan ciwon na san shi. Kin ce yarinyarki tana SS2 a wata makarantar kuɗi a nan Agege, an naɗa ta shugabar kwamitin da zai yi wa 'yan SS3 walimar bankwana, kowa a ajinsu zai kawo dubu biyar, saura sati biyar, kuma ita aka ce ta riƙe kuɗin. Kina tambayar ta ina za ta fara.

Ta fara da sauke kuɗin nan daga hannunta. Ki shirya da kanki ki je wurin shugaban makaranta, ki ce yarinya za ta yi aiki amma kuɗi ba zai kwana a jakarta ba. A ajiye shi a ofishin da ake biyan kuɗin makaranta, ko a asusun wata uwa da ƙungiyar iyaye da malamai ta yarda da ita. Ita nata littafi ne: suna kamar yadda yake a rajistar aji, kwanan wata, abin da aka kawo, sa hannun mai kawowa. Duk Juma'a a karanta wa aji. Kwabo ba zai fita ba sai da sa hannun mutum biyu da rasit.

Kin san me ya sa nake zafi a kan wannan? Ba a rasa malami guda, ko malama, da zai jawo yarinya gefe ya ce ara min dubu ashirin, in an yi albashi zan mayar. Yarinya 'yar sha shida za ta iya ce wa malaminta a'a? Ba za ta iya ba, kuma ba za ta rubuta ba, don kunya. Gobe ya dawo ya ce shi zai samo mai abinci, ƙanwar matarsa ce, za ta yi sauƙi. Ranar walima ƙarfe biyu ta yi, abinci ya ƙare, rabin 'yan SS3 suna zaune da gawun da hula ba su samu ba, sun fara buga kujeru, iyaye suna kallo. A wannan lokacin za ki nemi malamin ki rasa, wayarsa a kashe. Wa ake gani? Yarinyar da ke tsaye da littafi a hannu tana rawar jiki. Ɗaya daga baya zai ce ta cinye kuɗin, shi ke nan magana ta zauna. 'Yan SS3 sun tafi abinsu, amma ita da 'yan ajinta za ta ƙara shekara cur, kuma sunan ɓarauniya ba ya wankuwa a aji. Har muƙamin da ake shirin ba ta sai ya suɓuce. Shi kuwa malamin Litinin zai shigo da alli a hannu kamar ba shi ba, har ya tsaya yana wa'azi a kan riƙon amana. Allah ya isa dai. Irinsu sun san yaro ba ya da bakin kai ƙara, shi ya sa suke zaɓen mai hankali, mai kunya, su ɗora mata.

To, lissafi. Kada ta yi kasafi da dubu biyar sau yawan 'yan aji, ba duka za su biya ba, ba a taɓa yi ba. A rufe karɓa saura sati biyu, abin da ya shigo shi ne kuɗin walima. Wajen ƙirga baki kuma nan ake faɗuwa, don yara kan ƙirga SS3 da SS2 su tsaya. Ina malamai, maigadi, masu shara, direban motar makaranta? Ina iyaye da ƙannen da za su biyo su? A ba kowane mai fita katin gayyata biyu, sannan a ƙara kashi ɗaya cikin biyar a kan jimillar saboda 'yan gayyar soɗi. Buhun shinkafa mai kilo 50 yana kai wa kusan mutum 300 in mai zubawa tana da hannu daidai, to in ba ku wuce 150 ba rabin buhu ya isa. Shinkafa a kasuwar Daleko, kayan miya a kasuwar Mile 12, amma ki tuna damina ce, tumatir yana tsada, a haɗa da na gwangwani da tattasai da yawa. Nama ku saya da kanku a mayankar Oko-Oba tunda ga ta kusa, kin huta da tunanin wa ya yanka. A ƙirga yankan kafin a miƙa wa mai dafawa, a sake ƙirgawa bayan suya, a gabanta. Kuma kada a shirya cefane ranar Alhamis da sassafe, kasuwanni suna shara har ƙarfe goma.

Jalof ɗin da aka sauke da asuba aka rufe shi da zafinsa, kafin azahar ya fara tsami, gumin murfin ne ke komawa ciki. A bar shi ya sha iska kafin a rufe, kuma a gaya wa mai dafawa ƙarfe nawa za a ci, ta lissafa baya. Kabeji mai mayonis ku bar shi, shi ke fara lalacewa. Farin mazubin nan na soso gwamnatin Legas ta hana tun Janairun 2024, ku nemi roba mai murfi. A raba tikitin abinci, 'yan SS3 su fara karɓa, na malamai a ware shi a ofis tun da wuri, 'yan SS2 su ne ƙarshe. Lemon roba sha biyu ne a ƙunshi, ruwan leda ashirin a jaka, lissafinsa ba wuya.

Af, ranar ma. A duba jadawalin NECO kafin a tsayar, don bayan WAEC wasu suna da sauran takarda har cikin Yuli. In Juma'a ce a tashi kafin sha biyu da rabi. Ruwan Legas na Yuni da Yuli kin san shi, rumfa ita kaɗai ba ta tare shi in ya zo da iska, a nemi babban ɗakin taro ko a fasa tsakanin aji biyu. Janareta da mansa a tanada, wayoyin lasifika a ɗaga su daga ƙasa.

Kyautar da za su ba masu fita, ko kofi ne ko ɗan littafin rubutu mai hoto, a Shomolu ake bugawa. Rabin kuɗi za a bayar, sauran sai an ga kaya. Kowane ɗan SS3 ya rubuta sunansa da hannunsa a takarda guda, don mai bugawa bai san bambancin Rukayya da Rakiya ba, kuma yarinyar da aka ɓata wa suna kuka take yi a wurin. A ga samfur guda kafin ya buga duka, a karɓo saura sati ɗaya. Tun 2022 an hana acaɓa a Shomolu da Mushin, to babba ya raka su da mota.

Miƙa muƙami kuwa shi ne ainihin taron, amma shi ake yi wa riƙon sakainar kashi. Bajon shugaban ɗalibai da na shugabar mata da sauran, a karɓe su tun jajibiri a jera a faranti, kowanne da 'yar takarda mai sunan wanda zai gada, don rabin masu fita sun ɓatar da nasu, wasu kuma so suke su tafi da shi gida. Ƙararrawa, makullin ɗakin karatu, littafin 'yan makara, duk a miƙa a gaban jama'a. Minti ashirin ya isa. Kuma su ajiye kwali a bakin ƙofa, masu fita su zuba tsofaffin tambayoyin jarrabawa da littattafan da suka gama da su, wannan ya fi wa 'yan SS2 amfani a kan kiɗan da za a biya kuɗi a kansa.

Rubutun bankwanar da ake yi wa masu fita a farar riga ni dai ba na sonsa, amma hana shi ƙiri-ƙiri sai su je bayan katanga su yi wanda ya fi muni. Tawadar alƙalamin nan mai kaurin rubutu, wato maka, ba ta fita a wanki, kuma ba ta tsayawa a rigar mai fita, sai ta hau hijabi, ta hau yunifom ɗin 'yan SS2 da za su ƙara shekara da shi. Ga samari masu fakewa da sa hannu suna kai hannu inda bai kamata ba. A sayi farin yadi uku a kafa a bango kowa ya rubuta, a riga kuwa mata su yi wa mata, maza su yi wa maza, malama tana tsaye. Lambobin raha ma, irin su wanda ya fi barci a aji, wata malama ta duba jerin tukuna. Duk wanda ya taɓa jikin mutum ko talaucin gidansu a soke shi, da shi 'yan SS2 ke rama dukan da suka sha, kuma faɗan a bakin get yake ƙarewa. In kin ji ana zancen wata liyafa daga baya a otal ko bakin ruwa, ba ta cikin aikin kwamiti, kada sunan 'yarki ya shiga.

Litinin bayan walima ta tsaya gaban aji ta karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, rasit a hannu, malamin aji ya sa hannu, ki ɗauki hoton kowane shafi ki ajiye a wayarki. Ki turo mana adadin 'yan SS3 da na waɗanda suka biya zuwa Juma'ar nan, sai mu fitar miki da lissafin shinkafa da nama daidai.