Amsa: Biyan kuɗi a asibitin gwamnati da batun inshorar lafiya a Legas

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba mai ɗakinka lafiya. Ka tambaya me ya sa aka karɓi kuɗin kati da na magani a hannunka a asibitin gwamnati, kuma ko inshorar lafiya ta Legas ta 'yan asalin jiha ce kaɗai.

Abin da ake ware wa lafiya ne bai taka kara ya karya ba. A 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa kowace ƙasa za ta ba fannin kashi 15 cikin 100 na kasafinta, har yau gwamnatin tarayya ba ta cika ba. Dokar lafiya ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 na kuɗin shigar tarayya don kula da lafiya a matakin farko, amma giɓin da ya rage aljihun majinyaci ke cike shi. Abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin ɗan dako a Mile 12 ko mai shayi a Agege, jinya ɗaya kan cinye jarinsa.

Ita kuwa inshorar lafiya ta Legas, mai suna Ilera Eko, wadda hukumar inshorar lafiya ta jihar (LASHMA) ke gudanarwa, ta duk mazaunin Legas ce, Bahaushe ko Bayarabe. Za ka biya kuɗin shekara, ka zaɓi asibiti kusa da kai. Ka yanki katin zama na LASRRA, wato hukumar rajistar mazauna Legas, zai sauƙaƙa maka rajista. Kafin ka biya, don Allah ka sa su karanta maka abin da tsarin ya ƙunsa, musamman awon ciki da haihuwa da tiyata, saboda ba kowace jinya yake ɗauka ba.