Dare ɗaya a Isfahan: Si-o-se-pol ko Khaju?

Tambaya: Salam Malam. Zan je ziyara Kum a Iran, abokina ya ce lallai in leƙa Isfahan in ga tsohuwar gadar nan da ake ta ɗorawa a Instagram, sai na ga ashe biyu ne. Dare ɗaya gare ni, wacce zan je? Ana biyan kuɗin shiga? Wace tsaraba zan riƙo?

Amsa: Wa'alaikassalam ɗan'uwa. Ba a biyan ko sisi, gadoji ne da mutanen gari ke bi da ƙafa, kuma kogi ɗaya suke kai, Zayande Rud, a ƙafa ma za ka haɗa su.

Wadda ka fi gani a hoto ita ce Si-o-se-pol, sunan ma da Farisanci 33 yake nufi, wato yawan bakan gizon da ke jere a ƙarƙashinta. A zamanin Shah Abbas na ɗaya aka gama ta wajen 1602, tsawonta ya kusa mita 300. Je can kafin magariba ka ɗau hotonka.

Amma ni dai in ka tambaye ni, daren ka ba Khaju. Ta fi gajarta, Shah Abbas na biyu ya gina ta wajen 1650, gada ce kuma madatsar ruwa ce, ga rumfar sarki a tsakiya, da daddare kuma sai ka ga dattawa da samari sun taru a ƙarƙashin bakunan suna rera waƙoƙi ba kiɗa ba lasifika, ginin ne ke amsa muryar, ko ba ka jin yaren sai ka kasa tashi wallahi.

Abin da masu hoto ba sa faɗa, kogin yakan yi watanni a ƙafe saboda fari da ɗibar ruwan da ake yi tun daga can saman kogin, to ka tambayi masaukinka ko an saki ruwa, kar ka je ka tarar da busasshiyar ƙasa ka ce an yaudare ka.

Tsaraba kuwa, shiga kasuwar dandalin Naƙshe Jahan ka sayi gaz, alewarsu ce mai fistashiyo (wani ɗan itace mai kama da gyaɗa), ba ta da nauyi a jaka. Katin bankinka ba zai yi aiki ba saboda takunkumi, riƙe dala a hannu ka canza. Kuma in an faɗa maka farashi tambaya toman ne ko riyal, don toman ɗaya riyal 10 ne.