An ce duniya ta manta da Avatar, to ya aka yi kashi na biyu ya tara dala biliyan biyu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na kalli Avatar: The Way of Water a wayata, kuma gaskiya ban ga abin da ya sa ake zuzuta shi ba. Ya yi tsawo, labarin ma ba wani sabon abu. Kafin ya fito na sha ganin ana rubutawa a Twitter cewa babu wanda ya damu da shi, wai ko sunan jarumin kashi na farko ba a tunawa. Sai ga shi an ce ya yi cinikin sama da dala biliyan biyu. Su wa suka kalle shi haka? Kuma duk wannan kuɗin riba ce ta shiga aljihun masu fim ɗin? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Alƙaluman da ka ji gaskiya ne. Fim ɗin ya fito ranar 16 ga Disamba 2022, shekara 13 bayan na farko, kuma ya tara kimanin dala biliyan 2.3 a gidajen sinima na duniya. Wannan ya kai shi matsayi na uku a tarihin cinikin finafinai, bayan Avatar na 2009 da Avengers: Endgame, har ya ture Titanic zuwa na huɗu. Uku daga cikin waɗannan huɗun mutum ɗaya ne ya ba da umarninsu, wato James Cameron.

Bari mu fara da wayar taka, domin rabin amsar na nan. Abin da Cameron ya sayar wa mutane shi ne zama a cikin ɗaki mai duhu, gaban allo mai tsayin bene, da tabarau na 3D a fuska, sauti yana girgiza kujera. A tsakiyar fim ɗin akwai dogon lokaci da labari ya kusa tsayawa cak, yaran jarumin fim ɗin, Jake Sully, suna koyon riƙe numfashi da ninƙaya a wajen ƙabilar Metkayina mazauna bakin teku. A waya wannan wuri ne da mutum zai sa yatsa ya tura gaba. A ƙaton allon sinima na IMAX kuwa nan ne mutane suka ji kuɗinsu ya biya: ƙananan kifaye suna giftawa kamar za su taɓa hancinka, hasken rana yana karyewa a kan ruwa, gashin yaran yana lilo a hankali. An ɗauki motsin 'yan wasan a cikin ƙaton tankin ruwa ne da gaske, ba tare da tukunyar iska ba, saboda kumfar numfashi tana rikita na'urorin da ke bin motsin jiki. A wajen horon wannan aiki ne Kate Winslet, ɗaya daga cikin 'yan wasan, ta riƙe numfashi sama da minti bakwai. Kallon irin wannan a waya kamar kallon hawan sallah ne a ɗan bidiyon da aka turo maka ta WhatsApp: ka ga dawakai, amma ƙura da kuwwar jama'a ba su iso ka ba. Don haka ban ce ra'ayinka kuskure ne ba. Labarin da sauƙi yake, uba ne ya kwashi iyalinsa ya gudu daga maƙiyi, maƙiyin ya biyo su. Ko masu sharhin da suka yabi fim ɗin da yawansu sun faɗi haka.

Sai batun surutun intanet. Shekaru aka yi ana yi wa Avatar ba'a cewa fim ne da ya fi kowa kuɗi amma bai bar sawu ba: babu mai maimaita kalamansa, babu masu saka kayan jarumansa kamar yadda ake yi wa Star Wars ko finafinan Marvel, babu masu kwana suna gardama a kansa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Kuskuren shi ne ɗaukar masu rubutu a intanet a matsayin su ne masu sayen tikiti. Masu rubutun tsiraru ne, yawancinsu matasa masu Turanci. Masu sayen tikitin Avatar kuwa sun haɗa da magidanci da ya kwashi iyalinsa lokacin hutun ƙarshen shekara, da dattijuwar da sau ɗaya take shiga sinima a shekara, da ɗalibi a Seoul ko Mumbai. Irin waɗannan ba sa rubuta komai, su kalla su koma gida su gaya wa maƙwabci.

Mu masu bin cinikin finafinai ba mu cika ruɗuwa da kwana ukun farko ba. Abin da muke dubawa shi ne yadda fim ya jure bayan nan. Ciniki na ƙarshen makon farko talla ce ke kawo shi, da zumuɗin masoya na gani-kashe-ni. Daga mako na biyu kuwa bakin waɗanda suka kalla ne ke aiki. Dubi shekarar 2022 ɗin a Amurka da Kanada. Doctor Strange in the Multiverse of Madness ya buɗe da dala miliyan 187, ya ƙare da kimanin 411. Black Panther: Wakanda Forever ya buɗe da 181, ya ƙare da kimanin 453. Avatar na biyu ya buɗe da 134 kacal, har wasu suka fara cewa ai dama an faɗa. Ƙarshen mako na biyu ya faɗo daidai da wata mummunar guguwar ƙanƙara da ta hana mutane fita a sassan Amurka da dama, ya samu kimanin miliyan 63. A ƙarshen mako na uku, maimakon ya ci gaba da sauka kamar yadda aka saba, sai ya hau zuwa kimanin 67. Ya yi mako bakwai a jere yana kan gaba, ya ƙare da kimanin miliyan 684, wato ya ninka abin da ya buɗe da shi sau biyar. Fim ba ya yin haka sai idan waɗanda suka gani suna turo wasu, wasu kuma suna komawa karo na biyu. Na farkon ma haka ya yi a 2009: ya buɗe da miliyan 77, ya yi ta tafiya har watanni.

Akwai wani ma'auni da na fi yarda da shi fiye da ƙuri'ar intanet. Kamfanin CinemaScore yana raba wa mutane kati a gidajen sinima na wasu biranen Amurka a daren farko, su ba fim maki daga A+ zuwa F. Amfaninsa shi ne duk wanda ya ba da maki an tabbata ya kalla. Avatar na biyu ya samu A. A shafin Rotten Tomatoes kuma 'yan kallo sun fi masu sharhi son sa, su suna sama da kashi 90 cikin ɗari, masu sharhi suna wajen 76.

Wannan ba ya nufin surutun masoya ba shi da wani tasiri ko yaushe. Star Wars: The Last Jedi na 2017 ya raba kan masoyansa gida biyu, aka yi ta zage-zage har wata jarumar fim ɗin, Kelly Marie Tran, ta goge hotunanta na Instagram saboda cin mutunci. Ya buɗe da miliyan 220, ya faɗi da kusan kashi 67 cikin ɗari a mako na biyu, ya tsaya a dala biliyan 1.3, alhali The Force Awakens da ya gabace shi ya haura biliyan 2. A can masoya na ƙut-da-ƙut su ne kashin bayan cinikin, fushinsu ya taɓa aljihu. Ga kuma akasin haka: Blade Runner 2049 na Denis Villeneuve, shi ma a 2017. Masu sharhi sun yaba, masoya har yau suna kiransa gwani, ya ci kyautar Oscar biyu. Amma an kashe masa aƙalla dala miliyan 150, cinikinsa a duniya bai kai 300 ba, masu zuba jarin suka tafka asara. A ganina ya fi Avatar na biyu zurfin tunani nesa ba kusa ba, sai dai yabon masoya bai cika kujerun sinima ba.

Waɗanda suka kalli Avatar ɗin ma ba duka suka fito suna tafi ba. Tsawonsa awa uku da minti 12 ya dami mutane, Cameron kuwa tun kafin fim ɗin ya fito ya ce ba ya son jin ƙorafi daga masu zama awa takwas suna kallon shiri mai dogon zango, wanda fitsari ya matsa ya tashi ya je ya dawo. An kuma yi ƙorafi kan wata dabara da ya yi: fim na yau da kullum hoto 24 ne ke wucewa a daƙiƙa, shi kuma ya riƙa kai wasu wuraren 48. A ƙarƙashin ruwa abin ya yi kyau, amma wasu sun ce sauyin yana sa fim ɗin kama da wasan kwamfuta. Suka mafi nauyi ta fito daga wasu 'yan asalin Amurka na farko, waɗanda suka yi kira da a ƙaurace masa, suna cewa an kwashi al'adunsu da na mutanen tsibiran Pasifik an yafa wa shuɗɗan halittun da ke cikin fim ɗin, sannan aka sa Bature ya zama mai ceton su. Wannan sukar ta cancanci a saurare ta, ko da yake ba ta rage ciniki ba. Abin dariya kuma, wanda ya fi samun farin jini a intanet bayan fitowar fim ɗin ba mutum ba ne, Payakan ne, ƙaton dabbar ruwan nan mai kama da kifi whale da danginsa suka kora, wanda ya ƙulla abota da yaron nan Lo'ak.

Kusan kashi 70 cikin ɗari na kuɗin daga wajen Amurka da Kanada ya zo. A Amurka da Kanada ma Top Gun: Maverick ya fi shi ciniki a finafinan shekarar. Sin ta ba da kimanin dala miliyan 245, duk da cewa ya fito daidai lokacin da cutar korona ta ɓarke bayan gwamnati ta sassauta dokar kulle. Faransa, Jamus, Koriya ta Kudu da Indiya duk sun yi masa ruwan kuɗi. A nan sauƙin labarin da ka yi ƙorafi a kai ya zama alheri: ba ka buƙatar sanin barkwancin Amurkawa ko ka kalli finafinai ashirin kafin ka fahimci uban da ke tsoron a kashe masa 'ya'ya.

Sai tambayarka ta ƙarshe. A'a, ba riba ba ce. Wannan adadi jimillar abin da aka biya a tagar sayar da tikiti ne. Masu gidajen sinima suna riƙe kusan rabi, a Sin kuwa abin da ke komawa ga kamfanin waje bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba. Daga abin da ya rage za a cire kuɗin yin fim ɗin, wanda rahotanni suka sa tsakanin dala miliyan 350 zuwa 460. Giɓin nan mai faɗi yana da dalili: an ɗauki kashi na biyu tare da na uku, Avatar: Fire and Ash, wanda ya fito a Disamba 2025, don haka raba lissafin ba sauƙi. A cire kuɗin talla a faɗin duniya, a cire kason darakta da manyan 'yan wasa. Shi ya sa a harkar ake ƙiyasin cewa babban fim sai ya ninka kuɗin da aka kashe masa kamar sau biyu da rabi kafin a ce uwar kuɗi ta dawo. Cameron da kansa ya ce sai fim ɗin ya zama na uku ko na huɗu a tarihi kafin ya fita kunya. Bayan an haɗa da kuɗin talabijin da na kallo a gida, jaridar Deadline ta ƙiyasta ribarsa a kan sama da dala miliyan 500, mafi yawa a finafinan 2022. Ribar ta tafi ga Disney, wanda ya sayi kamfanin Fox a 2019 ya gaji Avatar a cikin cinikin.

Ka kuma riƙa lura cewa jerin nan na "mafi ciniki a tarihi" dala yake ƙirgawa, ba mutane ba. Tikitin 3D da na IMAX ya fi na gama-gari tsada, kuma kaso mai yawa na masu kallon Avatar irinsa suka saya. Idan aka yi la'akari da faɗuwar darajar kuɗi, Gone with the Wind na 1939 ne ake sa wa a gaba har yau, Titanic ma yana komawa saman Avatar na biyu.