Amsa ga mai son ajiye kunkuru a akwatin gilashi

Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin ce yaronki ya dawo daga ƙauye da ɗan kunkuru bai wuce tafin hannu ba, ku kuma a gidan sama kuke a Fadaman Mada, babu tsakar gida, shin akwatin gilashin kifi zai yi? Ba zai yi ba. Da shi na fara, kuma na yi da-na-sani. Kunkuru bai san gilashi ba, wuni yake yana tura kai yana son wucewa, iska kuma ba ta zagayawa a ciki.

Ki sa kafinta ya buga miki akwatin katako marar murfi, tsawo ƙafa 4, faɗi ƙafa 2, bango ƙafa 1. Ya shimfiɗa leda mai kauri a ƙasan, sai ki zuba ƙasar gona da aka gauraya da yashi kaɗan, zurfin taƙi guda, don dabba ce mai haƙa rami. Kada ki bar shi a kan tayil, santsi yana karkatar da ƙafafunsa. Ɗauko fasasshiyar tukunyar ƙasa ki kifa a kusurwa ta zama ɗakinsa, ki riƙa yayyafa ruwa a ƙarƙashinta. Nawa na farko a busasshen wuri ya girma, ƙoƙon bayansa ya yi tudu-tudu, har yau bai koma daidai ba. Ruwan sha kuma a faranti marar zurfi, don ba ya iyo.

Babbar magana ita ce rana. Sai da haskenta jikinsa ke samar da bitamin D3, wanda ke sa ƙashi da ƙoƙon baya su yi ƙwari, kuma gilashin taga yana tare ɓangaren hasken da ke wannan aiki, wanda ake kira UVB. Akwai ƙwan fitila na musamman mai UVB, amma ga tsada ga wutar da ba ta zama. Gara ki fitar da shi baranda da hantsi na rabin awa zuwa awa guda, da inuwa kusa, mutum na gadi, saboda shaho da cinnaku. A Disamba da Janairu, lokacin hunturu, ki janye akwatin daga bakin taga ki rufe da bargo da dare. In kin ga majina a hancinsa, sanyi ya kama shi, sai likitan dabbobi.

Abinci ciyawa ce da ganye, a barbaɗa garin ɓawon ƙwai. Banda tuwo da shinkafa, ko da yara sun matsa. Su wanke hannu da sabulu bayan sun taɓa shi.

Ki duba cinyoyinsa na baya. In akwai ƙayoyi, to babban kunkurun Sahel ne, mai wuce kilo 40 da shekara 50. Nawa a shekara ta uku ya fi ƙarfin akwati, na kai shi gidan yayana a Yelwa, inda ya haƙa rami a gindin katanga.